Taswirar roba mai tudu da kwari ta Ladakh da Aksai Chin, bayan shekara guda a hannuna

A Leh, babban garin Ladakh da ke arewacin Indiya, na saye ta, a wani shagon littattafai da ke cikin babbar kasuwa, 'yan taku kaɗan daga tsohon masallacin Juma'ar garin. Lokacin ina karatun ilimin ruwa a Indiya, aka ba mu hutu, na tattara abin da ke aljihuna na hau jirgi zuwa Ladakh. Duk wanda ya sauka Leh ta sama ana ce masa ya kwanta ya huta kwana biyu kafin ya nufi ko'ina, domin garin yana kan tsayin kusan mita 3,500, sai jiki ya saba da ƙarancin iska. A rana ta biyu zaman ɗaki ya ishe ni, na fito ina takawa a hankali, na shiga shagon don in sami inuwa, sai na hango ta rataye a bayan mai shagon. Rupi 1,800 na biya. Shekara guda ke nan da 'yan watanni tana wurina. Na koyar da ɗalibai da ita, na zuba mata ruwa, na ja mata layi na goge, don haka ina jin na isa in faɗi abin da take da shi da abin da ta rasa.

Ga wanda bai taɓa ganin irinta ba, ba takarda ba ce. Falle ne na roba mai ɗan kauri da aka buga taswira a kai, sannan aka ɗumama shi aka matse shi a kan siffar ƙasar, duwatsu suka tashi, kwaruruka suka lotsa. Faɗinta santimita 60, tsawonta 45, kuma kowace santimita ɗaya kilomita 10 ce a ƙasa. Ta ɗauko daga wajen Srinagar a yamma har gefen Tibet a gabas, daga Demchok a kudu har ta ɗan shiga Xinjiang a arewa. Tudun an ninka shi sau biyar, an rubuta haka a gefe da ƙananan haruffa. Dole ne a ninka, domin in an bar shi daidai da faɗin, hawan mita 1,000 milimita ɗaya kacal zai tashi, yatsa ba zai ji komai ba. Da wannan ninki dutsen K2, mai mita 8,611, ya fito kamar ƙaya can sama ta hagu, kogin Indus kuma ya zama wata doguwar tsaga da farce ke shiga.

Na daɗe ina karanta labarin rikicin iyakar Indiya da Sin, kuma kullum abu ɗaya ke ɗaure mini kai. Aksai Chin ƙasa ce mai faɗin kusan murabba'in kilomita 38,000, ba gari, ba gona, ba itace. Firaministan Indiya na farko, Jawaharlal Nehru, da bakinsa ya gaya wa majalisa cewa ko ciyawa ba ta tsirowa a wurin. Amma ƙasashe biyun da suka fi kowa yawan jama'a a duniya sun gwabza yaƙi a kanta, kuma har gobe sojojinsu na tsaye suna kallon juna. Ruwa ba ya tsami banza. Taswirorin da na saba gani a jarida da intanet ba su taɓa nuna mini dalilin ba, sai dai su shafa wa wurin wani launi daban, su zagaye shi da layin ɗigo-ɗigo, shi ke nan.

Ba ni na fara karanta wannan taswira yadda ya kamata ba, Kawuna ne. Ya yi shekara talatin da wani abu yana jan tirela, yanzu ido ya yi rauni, ƙananan rubutu ba ya ganinsu, sunayen da ke kai kuma ba su da wata ma'ana a wurinsa. Na shimfiɗa masa ita, na ɗora yatsansa a kan Leh, na ce, "Kawu, nan na sauka." Na ja hannunsa zuwa arewa maso gabas na ce, "Nan kuma ake rigima a kai." Ya zare hannunsa daga nawa, ya mayar da yatsa Leh, ya kama hanya shi kaɗai. Ya hau jerin duwatsun Ladakh, ya gangara kwarin Shyok, ya sake cin karo da wata katangar da ta fi ta farko, wato Karakoram. Ya bi gindinta sama da ƙasa yana neman ƙofa. Da ya tsallaka ya faɗa fili sai ya tsaya, ya buɗe tafin hannu ya shafa shi, ya ci gaba da shafawa zuwa gabas har hannun ya fita daga bakin taswirar bai gamu da wani shinge ba.

"Ɗan nan, su wa ke wannan gefen?"

"Sin ce, Kawu. Yankin Tibet ne."

"To ai filin a tsakar gidansu ya buɗe. Na Indiya sai sun haura katanga biyu. Wancan da mota zai shigo da lodinsa, wannan kuwa sai ya sauke kaya ya ɗora wa jaki."

Minti biyar bai cika ba ya faɗi abin da na yi shekaru ina kewayawa. Bai ce ga mai gaskiya ba, yadda ƙasar ta kwanta kawai ya faɗa. Aksai Chin ba kwari ba ne da ya maƙale a tsakanin duwatsu, shi kansa tudu ne, ƙarshen yammacin babban tudun Tibet. Wuri mafi ƙasa a cikinsa, inda kogin Karakash ya ratsa, yana kusan mita 4,300 sama da teku, mafi yawansa kuwa yana wajen 5,000 ko fiye. Karakoram ta tsare shi ta kudu maso yamma, katangar duwatsun Kunlun ta tsare shi ta arewa. Hadarin da ke tasowa daga tekun Indiya yakan zubar da ruwansa a Himalaya, ragowar ya ƙare a duwatsun da ke bayanta, kafin ya iso nan ya bushe. Leh kanta, wadda ta fi shi kusa da damina, ruwan da take samu a shekara wajen milimita 100 ne. Shi ya sa wurin fako ne: tsakuwa, ƙura, iska mai yanka, da tafkunan gishiri da kanwa. Turawan da suka auna yankin filin kanwa suka kira ɓangarensa na arewa. Farkon sunan Aksai Chin daga harshen Turkawan tsakiyar Asiya ya fito, "ak" fari ne, "sai" kuma kwari mai tsakuwa. Masu iya zama a wurin sai irin su jakin dawan da suke kira kiang, da barewar Tibet mai laushin gashi, chiru.

Maganar mota da Kawu ya yi ita ce tushen rigimar. Sin tana da manyan yankuna biyu a yammacinta, Xinjiang da Tibet, Kunlun kuma ta shiga tsakaninsu kamar bango. In ka bi bayan bangon nan da yatsa za ka ji wani dogon kwari a kwance, na Karakash, yana hawa sannu a hankali zuwa kudu maso gabas har ya miƙa ka kusa da filin. Ta nan Sin ta bi da hanyar motar da ta tashi daga Yecheng, wanda ake kuma kira Kargilik, ta haura mashigai masu tsayi, ta faɗa kwarin, ta ratsa Aksai Chin ta shiga yammacin Tibet. An gama ta a 1957, ita ce yau ake kira G219, kuma kimanin kilomita 180 nata suna cikin ƙasar da Indiya ke cewa tata ce. Da can ina mamakin yadda za a yi irin wannan aiki Delhi ba ta tabbatar ba sai da Sin ta yi shelar kammalawa, har sai a 1958 ta tura 'yan sintiri su dubo, Sinawa ma suka tsare rukuni ɗaya. Da na ji katangun nan biyu a ƙarƙashin yatsana mamakin ya ragu ƙwarai. Daga nan abubuwa suka yi ta lalacewa. Ranar 21 ga Oktoban 1959 aka kashe 'yan sandan Indiya goma kusa da mashigin Kongka, ranar da har yanzu Indiya ke tunawa da 'yan sandanta da suka mutu a bakin aiki. Yaƙi ya ɓarke ranar 20 ga Oktoban 1962, Sin ta tsagaita wuta ranar 21 ga Nuwamba, filin na hannunta.

Ni kuma da ruwa na karanta ta, tunda shi ne fannina. Na kwantar da ita a kan tebur, na tabbatar ba ta karkata ba, na ɗebo ruwa a sirinji na sa masa ɗan tawada, na riƙa ɗigawa. Abin da na ɗiga a bakin yammacin filin ya gangara ta kogunan Chip Chap, Galwan da Chang Chenmo, duka suka taru a kogin Shyok, wanda ke kai ruwansa Indus, ya ratsa Pakistan ya faɗa teku. Wanda na sa a arewa maso yamma ya bi Karakash ya fice ta saman taswirar. A zahiri garin Hotan na Xinjiang yake zuwa, ya haɗu da kogin Yurungkash su nufi hamadar Taklamakan. Na tsakiya kuwa ya zauna inda na ɗiga shi, yana ƙyalli, bai motsa ba. Na ƙara masa wani, ya ɗan faɗaɗa, ya zama tafki, kusan daidai inda aka zana tafkin Aksai Chin ɗin.

Na daɗe zaune ina kallon ɗigon nan da ya ƙi tafiya. Al'adar masu shata iyaka a ƙasar duwatsu ita ce su bi inda ruwa ya rabu: wanda ya gangara nan nawa ne, wanda ya gangara can naka ne. A Aksai Chin ruwa uku ya rabu, kashi ɗaya kuma ba ya zuwa gidan kowa. Saboda haka duk mai alƙalami sai ya zaɓi doron dutsen da ya yi masa. A 1865 wani ma'aikacin safiyo na Turawan da ke mulkin Indiya, W. H. Johnson, ya ja nasa layin a kan Kunlun, ya saka filin duka cikin masarautar Kashmir. A 1899 Birtaniya da kanta ta aika wa daular Qing mai mulkin Sin wata shawara daban, layin Macartney da MacDonald, wanda ya bi duwatsun Lokzhung da suka ratsa ta tsakiya, ya bar wa Sin arewacin filin, ya riƙe wa Indiya filin Lingzi Tang da ke kudu. Sin ba ta ba da amsa ba. Ita kuma Sin ta yau Karakoram take ɗauka a matsayin iyakar gargajiya. A robar nan dorayen uku duk ana jin su, sai dai Lokzhung ƙarami ne, sai ka rufe ido ka tafi a hankali kafin ka kama shi. Taswirorin Indiya na farkon samun 'yanci sun bar iyakar wannan yanki a matsayin wadda ba a tantance ba, sai a 1954 Nehru ya ba da umarni a ja ta da cikakken layi. Ni dai abin da na fahimta, babu ɗayan ɓangarorin da ya yi wa wurin mulki na sosai kafin zamanin mota, domin babu wanda za a mulka. Fatake ne ke wucewa, masu ɗibar gishiri su zo su koma.

Inda taswirar ta fi cin kuɗinta shi ne Depsang. Ɗan fili ne a kusurwar arewa maso yammacin Aksai Chin, yatsu biyu sun rufe shi. A taswirar takarda ba za ka ko lura da shi ba. A roba kuwa, bayan yatsanka ya sha wuya a tsakanin ƙayoyin Karakoram, sai ka ji ya sauka a kan wani abu sumul kamar faranti. Tsayinsa ya haura mita 5,000. Layin da sojojin ƙasashen biyu ke riƙe da shi a zahiri, wanda suke taƙaitawa da LAC, ta cikinsa ya ratsa, yamma a hannun Indiya, gabas a hannun Sin. Yana cikin 'yan tsirarun wuraren da tankar yaƙi za ta iya sakin jiki ta yi gudu a duk wannan sashe, shi ya sa kowane ɓangare ya jibge nasa a kusa.

A arewacinsa mashigin Karakoram yake, mita 5,540, ƙofar da ayarin Leh da Yarkand ta Xinjiang ya yi ɗaruruwan shekaru yana bi. Dattijon da ya sayar mini da taswirar ya ɗora yatsa a wurin ya ce kakansa ta nan ya sauko daga Yarkand, ya yi aure a Leh ya zauna, kuma irin zuriyarsu Argon ake kiransu. Ya ce a wannan hanya madugu ba ya neman alama, ƙasusuwan dawaki da raƙuma ne ke nuna masa ita, domin kwanaki ake yi ba ciyawa ba itacen wuta. Alhazan Xinjiang ma sun riƙa biyo ta su gangara Kashmir, su ci gaba har bakin teku su nemi jirgin ruwa. Zangon da ke gindin mashigin shi ne Daulat Beg Oldi, wato wurin da babban mutum mai dukiya ya rasu, kuma ana danganta sunan da Sultan Sa'id Khan, sarkin Yarkand, wanda ciwon tsauni ya kashe a 1533 yana hanyar komawa gida daga yaƙin Ladakh. Fataucin ya mutu ne bayan 'yan kwaminis sun karɓi Xinjiang a 1949, aka rufe iyaka. Raƙuma masu tozo biyu da na gani a Hunder, cikin kwarin Nubra, jikokin na ayarin nan ne, yau masu yawon buɗe ido suke ɗauka a kan yashi.

Zangon Daulat Beg Oldi yanzu sansanin soja ne mai filin saukar jirgi a tsayin sama da mita 5,000. Indiya ta gina shi a 1962, ta sake buɗe shi a 2008, ta kuma sauke ƙaton jirgin kaya C-130J a kansa a Agustan 2013. Hanyar motar da ke kai masa kaya, mai kilomita 255, daga Darbuk ta tashi ta bi ta ƙauyen Shyok, an kammala ta a 2019. Bi ta da yatsa ka ji. Zare ɗaya ne kwance a ƙasan kwarin Shyok, duwatsu sun matse shi dama da hagu, ƙananan kwaruruka kuma daga gabas suna faɗowa a kansa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Galwan, mai ɗauke da sunan Ghulam Rasul Galwan, wani Musulmi mutumin Leh da ya yi aikin ayari da Turawa masu yawon bincike a ƙarshen ƙarni na 19. Duk wanda ya riƙe tuddan da ke saman bakin Galwan yana kallon zaren nan a ƙasansa. A nan ne, daren 15 ga Yunin 2020, sojoji suka yi arangama da kulake da duwatsu, domin yarjejeniyar 1996 ta hana harbi a cikin kilomita biyu daga layin. Indiya ta rasa mutum 20. Sin ta amsa mutuwar nata huɗu bayan wata takwas.

In ka matsa yamma daga Depsang ka tsallaka mashigin Saser La, sai kwarin Nubra, a samansa kuma kogin ƙanƙarar Siachen mai tsawon kusan kilomita 76, inda Indiya da Pakistan ke fuskantar juna tun 1984. A taswirar tazarar ba ta fi tsawon yatsa ba. Wannan ya ishe ka ka gane abin da ya sa hankalin Delhi ya tashi da sojojin Sin suka kafa tantuna a Raki Nala, cikin Depsang, a Afrilun 2013, ta ce kilomita 19 suka shigo, aka yi mako uku ana ja-in-ja. Bayan 2020 kuma suka tare wani matsattsen wuri da sojojin Indiya ke kira wuyan kwalba, suka hana 'yan sintiri isa wurare biyar da suka saba zuwa, sai a Oktoban 2024 aka sanar da yarjejeniyar komawa sintiri a Depsang da Demchok. Wuyan kwalbar nan dai taswirar ba ta iya fitar da shi ba, ya yi mata ƙanƙanta.

Ni ban taka Depsang ba. Yankin soja ne, baƙo ɗan wata ƙasa ba ya samun izini. Takardar da ake yi wa baƙi ta hannun kamfanin yawon buɗe ido Nubra ta kai ni, sai tafkin Pangong. Amma a kan hanya mun tsaya a mashigin Khardung La, mita 5,359, inda ƙarfin iskar da mutum ke shaƙa kusan rabin na bakin teku ne. Na sauka daga mota na yi taku kamar ashirin, sai na ji kaina na sarawa, leɓe ya bushe, zuciya na bugawa a cikin kunne. Direban ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, ya isa haka, mu gangara." Kwata ɗaya na awa na yi a wurin. Kusan tsayin Depsang ke nan, kuma akwai 'ya'yan mutane, na Indiya da na Sin, da ke kwana a can wata da watanni, cikin sanyin da ke wuce digiri 30 ƙasa da sifiri. Tun daga ranar ba na iya karanta labarin wurin kamar sakamakon ƙwallo.

Yanzu ga abin da ya ɓata mini rai da ita, kuma babba ne. Jan layi ɗaya tak aka ja, a kan Kunlun, wato iyakar da Indiya ke iƙirari. Layin da ake riƙe da shi a zahiri babu shi, ko da ɗigo-ɗigo. G219, hanyar da ta haifi rigimar, wani siririn zare ne marar suna da sai ka kanga ido ka gan shi. Wanda bai san komai ba zai ɗauka mota zai hau a Leh ya je bakin tafkin Aksai Chin ya dawo. Tun a shagon na tambayi dattijon ko akwai wadda ta nuna layukan duka. Ya ce, "Ɗana, irin wannan kaɗai doka ta yarda a buga, ita kaɗai zan iya ratayewa." Gaskiya ya faɗa, dokar Indiya ta hana buga taswirar da ta saɓa wa ta hukumar safiyon ƙasar. Sin ma haka take yi da nata, taswirar da ta fitar a Agustan 2023 ta saka Aksai Chin da Arunachal Pradesh a cikin ƙasarta, Indiya ta yi tir da ita. Ban ɗora wa mai shago laifi ba, amma mai saye ya sani cewa tudu da kwarin gaskiya suke faɗa, jan layin kuwa bakin ɓangare ɗaya ne. Abin da na yi, na sayi alƙalamin farin allo kala uku, na ja layin 1899, na ja iƙirarin Sin, na ja LAC gwargwadon yadda aka fi nuna shi. Robar na karɓar tawadar, tsumma mai ɗanshi kuma na goge ta tsaf.

Launin ma ya yi ƙarya. Duk abin da ya kai mita 5,000 fari fat aka shafa masa, sai filin ya fito kamar an lulluɓe shi da dusar ƙanƙara, alhali hamada ce mai launin ƙasa da toka, ƙanƙarar a kan kololuwar duwatsu take. Duk ajin da na nuna wa sai wani ya ce, "Malam, ashe ƙanƙara suke faɗa a kai," sai na tsaya na warware. Ninkin tudun nan sau biyar shi ma yana da nasa ruɗin, yakan mayar da mashigi kamar bangon da ba ya hawuwa, alhali mashigin Karakoram kansa gangare ne mai sauƙin hawa, tsayi da rashin abincin dabba ne ke kisa a wurin. An rubuta tsayin Khardung La mita 5,602, tsohon adadin da ya daɗe a kan alluna, wanda awo na baya ya nuna ya zarce gaskiya da sama da mita 240. An kuma rubuta Jammu da Kashmir a kan yankin duka, ke nan an buga ta kafin 31 ga Oktoban 2019, ranar da Ladakh ya zama yanki mai zaman kansa a ƙarƙashin gwamnatin tarayya. A wajen Murgo, wani zango a kan hanyar ayarin, bugun ya goce daga matsin da kamar milimita uku, sai ka ga shuɗin layin kogi ya bar kwarinsa ya hau gefen dutse. Milimita uku a nan kilomita uku ce. In za ka saya, ka ɗaga biyu ko uku ka duba ko kogunan na kwance a cikin tsagoginsu, ka zaɓi wadda ta fi daidaita.

Ba ta naɗuwa, ba ta lanƙwasuwa. Tsakanin kwalaye biyu na saka ta na ɗaure, na riƙe ta a hannu har cikin jirgi. Rana kuma abokiyar gabarta ce. Na taɓa jingina ta kusa da taga na yini ɗaya, kusurwar kudu maso yamma ta yi laushi, wani sashe na duwatsun Zanskar ya lotsa, bai sake tashi ba.

Duk da haka, da za ta ɓace yau, gobe zan nemi wata. Malamin da ke koyar da labarin ƙasa, ɗan jaridar da ke fassara labaran ƙetare, ɗalibin da ke son ya san abin da ake nufi in an ce Depsang ko Galwan, duka za ta yi musu amfani, muddin sun ajiye wata taswirar mai nuna layukan ɓangarorin biyu a gefenta. Mai shirin tafiya Ladakh kuwa kada ya dogara da ita wajen hanya, ma'auninta ya yi girma ga wannan.

Kawu har yanzu yakan ce a sauko masa da ita. Ya haddace hanyar ayarin da yatsa: Leh, Khardung La, Nubra, Saser La, Murgo, sai ya hau Depsang ya ɗan huta a kan farantin. A Daulat Beg Oldi yakan tsaya ya ce Allah ya jiƙan sarkin nan da fataken da suka kwanta tare da shi, sannan ya haura mashigin ya gangara wajen Shahidulla. 'Yan santimita kaɗan bayan nan robar ta ƙare, yatsan ya faɗa kan tabarma. Rannan ya tambaye ni saura kwana nawa ayari ya isa Yarkand daga wurin, da kuma inda suke samun ruwa. Ina neman fallen da ya ɗora daga nan zuwa arewa, mai ma'auni iri ɗaya, wanda ya ɗauko Yarkand da Hotan da bakin Taklamakan. Duk wanda ya san inda ake samunsa ya taimaka ya sanar da ni.